Illo Mai Kilim da Rariyar da Ke Kwana a Gidansa

Illo mutumin Safo ne. Ya koyi gyaran firiji a Maraɗi, ya dawo Madarumfa ya buɗe rumfa kusa da tasha. Tun zuwana biro, wato ofishin ƙungiyar manoma, na tarar shi ake kira in kilim, na'urar sanyaya ɗaki, ta daina sanyi.

Aikinsa iri ɗaya ne kullum. Zai dafa bututun tagulla, in ya ji ƙanƙara ta taru a wuri guda, ya ce rariya ta toshe. Rariyar nan ƴar ƙarama ce kamar yatsa, a cikin bututu take, tana tare dattin da ke bin gas. Sai ya mayar da gas cikin injin waje, ya kwance rariyar, ya naɗe a hankici, ya tafi gida. Washegari yake dawo da ita fes.

Hasan direba ne ya fara tsegumi a bara.

"Wankin abu kamar yatsa har sai ya kwana? Musanya ta yake da tsohuwa ta kasuwar Ɗan Isa, tamu ta shiga kilim ɗin wani alhaji."

Idi mai gadi ya ƙara da cewa yanzu Illo ba ya kallon mutum a ido, kuma ya bar hawa babur, a ƙasa yake zuwa. Ni ma na lura yakan daɗe yana lalube a akwatin kayan aikinsa. Magana ta kai ga darakta. Ya ce in an sake kiran Illo, a gabanmu zai wanke ta, in ya ƙi a nemo wani daga Maraɗi. Ga shi bironmu ne ke jawo masa sauran ma'aikatu.

Da zafin bazara kilim ta tsaya. Illo ya ji sharaɗin, ya zauna a baranda, muka kewaye shi. Ya jiƙa rariyar a ruwan wankinta, ya goge, ya ɗaga ta saitin rana.

"Ta fita," in ji shi.

Hasan ya karɓa ya duba. "Baba Illo, ta fita ina? Ga baƙin datti nan cunkushe, ko jaki ya gani."

Illo ya juya wajen darakta, hankicin na hannunsa.

"Ranka ya daɗe, yanar ido ce ta rufe mini gani. Kwancewa da ɗaurawa hannu ya sani. Wankin kuwa Inde, mai ɗakina, ke yi, da allura da haske. Na ji tsoro in kun sani ku sallame ni."

Darakta ya ce gobe a zo da Inde, a ga aikin da ido.

Ta zo da lulluɓinta, ta zauna bayan ƙofar magazan, ɗakin ajiyar kaya, ta tsince dattin rariyar tas. Kilim ta yi sanyi kafin azahar. Tun daga ranar tare suke zuwa, tana gaba da akwati, yana biye. Hasan har yau yakan sa wa rariyar alama da ƙusa kafin ya miƙa mata.