Dalma a Bakin Riga

Duk matar da ta taɓa kai ɗinki a unguwar Sih ta san Safiyatu. Kakanninta a jirgin ruwa suka ƙetaro aikin hajji suka zauna a Madina, amma ita har ta yi furfura ƙafarta ba ta taɓa ruwan teku ba. Wannan bai hana ta zama gwanar ɗinka kayan shiga ruwa ba, domin Safiyatu ba ta iya cewa ban sani ba.

Abin ya faro ne lokacin da iyalai suka shiga yayin zuwa Yanbu, garin bakin teku, ranar hutu, su yi hayar ƙaramin jirgi su shiga teku. Wata maƙwabciya ta dawo tana kuka. Ta sauka ruwa da doguwar rigarta, ruwa ya ɗaga rigar kamar lema, ga ƙannen miji a jirgi suna ta kawar da kai. Mata suka yi ta musu a ɗakin ɗinki ko dokar sutura ta hukuma tana bin mutum har tsakiyar teku. Safiyatu ta ce su ji da musunsu, ita dai ta san idon suruki yana bin mutum har can. Ta dubi labulen ɗakinta, wanda iska ba ta ɗagawa saboda 'yan dalmar da ke gindinsa. Kashegari ta fara jera dalma a bakin riga, ta kalmashe, ta bi da ɗinki biyu.

Riga ta karɓu, har daga unguwar Bani Harisa ake aiko mata da yadi. Wasu telolin suka kwaikwaya, tasu dalmar na zubewa, ita kuwa takan ɗaga kai ta ce ɗinkinta ba ya saki. Gaskiyarta ce, wannan kam ba mai ja da ita.

Autarta Sundus ta auri Umair, kuma ba a jima ba dangin miji suka shirya fita teku da amaryarsu. Hankalin Safiyatu ya tashi. A ce 'yar mai suturta matan unguwa ce aka ga jikinta? Ta ƙara dalma a bakin riga, ta sa a ƙafar wando, ta sa har a gefen hijabi. Sundus ta ɗaga kayan, ta yi magana da Larabci kamar kullum, wai sun yi nauyi.

"Tagila, ya ummi."

"Nauyin ne suturarki. Khalas, zance ya ƙare, saka a jaka."

Sauran labarin daga bakin Umair Safiyatu ta ji shi. Walid mai jirgin ya ba kowa rigar ceto. Da suka tsaya inda ruwa bai wuce ƙirji ba, Sundus ta cire tata, don ta matse ta tana fitar da surarta a gaban yayyen miji. Ta sauka tana dariya. Ba ta iya iyo ba, ba ta kuma san ƙasan wurin yana yankewa ya yi zurfi ba. Ta ƙara taku ɗaya. Da a ce rigar wata ce, da ta kumbura ta riƙe ta na ɗan lokaci har a miƙa mata hannu. Ta Sundus ba ta ɗaga ba ko kaɗan.

Da ƙyar Walid ya ciro ta. Ya shimfiɗa ta a kan jirgi, ya sa almakashi ya tsarge rigar daga wuya don ya danna ƙirjinta, mazan gidan duk suna tsaye. Umair ya ce shi kansa ya fara laluben tawul ya rufe ta kafin ya tuna abin da ake ƙoƙarin cetowa. Ba ta farfaɗo ba.

Hukuma ta yi tambayoyinta. Jirgi da takardunsa, rigar ceto an bayar, babu wanda ya karya doka. Ba wanda ya tambayi waye ya ɗinka rigar, kuma wannan shirun ya fi cin Safiyatu fiye da a ce an ɗaure ta. Ta rufe kekenta da zane. Har yau akan sami wadda ba ta ji ba ta zo da yadi, sai ta ce mata ido ya mutu.

Bayan an share makoki Umair ya kawo mata rigar a leda, ta bushe, gishiri ya yi mata fari-fari. Ta baza ta a kan gwiwa, ta bi tsagar da yatsa daga wuya zuwa ƙasa. A bakin riga almakashin ya tsaya. Ta latsa dalmar ɗaya bayan ɗaya, kowace tana inda ta sa ta. Ko zare ɗaya bai saki ba.