Malam Duba-can ya tafi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan nan, bayan sallar Azahar, Allah ya karɓi ran malaminmu na aji biyar, wanda duk unguwa ta sani da Malam Duba-can. Ina wurin aiki aka bugo mini. Na ce to, na ajiye wayar, na ƙarasa gyaran shafin da ke gabana. Har yau ban yi kuka ba.

Malam, mu muka laƙaba maka sunan nan, domin ba ka koyar da tarbiyya a kan allo. Ran Alhamis sai ka jera mu, ka fitar da mu bakin titi, ka miƙa yatsa ka ce, "Ku duba can." Wanzami ne yana tashi tsaye don tsoho ya zauna. Ko mai shara tana kwashe fasasshiyar kwalba daga hanyar da ba tata ba. Ka kan ce mu ɗauki hali ɗaya a wurin mutum, mu bar masa sauran. "Wanzamin nan, ku ɗauki ladabinsa. Bakinsa kuwa, ko kyauta ya ba ku kada ku karɓa."

Wata Alhamis ka kai mu bayan garejin makanike. Kowa ya san makaniken nan da shaye-shaye, iyayenmu sun hana mu ko gaishe shi. Muka tarar ya goyo mahaifinsa, wanda ƙafafunsa suka shanye, ya zaunar da shi a hantsi, yana yanke masa farce a hankali. Da ya gan mu ya ce, "Malam, ka rasa wanda za ka nuna wa yara sai ni?"

Ka ce, "Ci gaba da aikinka, ba fuskarka muka zo kallo ba."

Iyaye suka kai ƙara. Aka karɓe ajin daga hannunka, aka mayar da kai ɗakin ajiyar kujeru har ƙarshen shekara. Ba ka ba da haƙuri ba, ba ka kuma yi gardama ba. Abin da muka gani shi ne makanike ya fara zuwa ƙofar gidanka da yamma, ya zauna a ƙarshen benci. Sannu a hankali ya bar kwalba. Ya taɓa gaya mini cewa ba wa'azi ka yi masa ba. Kunya ce ta kama shi, kada yaran da aka nuna musu shi su tsince shi a kwata.

Amma unguwa ba ta manta ba. Ya yi furfura ana kiransa da tsohon sunansa na mashayi, kuma bencinka kaɗai ne inda ake matsa masa ya zauna. Shi ya sa da na isa gidan rasuwar, shi na fara nema da ido. Yana can jikin katanga da kayan aikinsa, bai shiga cikin mutane ba. Na gaishe shi. Ya ce, "Yanzu kuma ina zan zauna?" 

A maƙabarta ma baya ya tsaya. Da aka zo sa ka a kabari, babban ɗanka ya sauka, ya ɗaga kai yana duba jama'a, ya wuce limamai da tsofaffin ɗalibai, ya ce, "Kawu, sauko ka kama mini." Wasu suka kalli juna. Makanike ya cire takalmi, ya goge hannuwansa a riga, ya sauka. Shi ya riƙe kanka.

Ban san yadda zai yi da yammacin da ke gabansa ba. Na dai ga an raba tabarmar karɓar gaisuwa, ɗanka ya zaunar da shi a damansa, kuma waɗanda suka kai ƙara a wancan lokaci sun durƙusa sun yi masa ta'aziyya.

Allah ya jiƙanka, Malam, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka makwancinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Inna, da 'ya'yanka da jikokinka, da ɗan'uwanka makanike. Allah ya ba su haƙuri, ya riƙe shi. Amin.