Yadda Maigidana Ya Shiga Littafin Soyayya

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, wannan kam ba zai kwashe ba. Bugun ƙaramin turmin gahawa ne ya jawo shi. A ƙauyenmu da ke kusa da Sinnar, in mace ta fara dakan gahawa da hantsi, kamar ta aika kira ne: maƙwabta za su yafa mayafi su taho shan jabana, wato gahawar da muke dafawa a 'yar butar ƙasa. Ni ce mai karanta musu littattafan Hausa da ake turowa ta waya daga Nijeriya, domin su duka da Larabci suka yi karatu, ni kaɗai nake iya haɗa baƙaƙen boko tun daga sakandare.

Ranar na cika baki. Na ce ɗiyar yayata, mai karatu a kuliya, wato kwaleji, a Sinnar, ta turo mini wani littafin soyayya da babu irinsa. Gwaggon mijina ta sa na maimaita ko wa ya turo, na maimaita da alfahari. Alhali ko shafin farko ban duba ba.

Labarin wata budurwa ce a Kano da ƙawarta. Muka yi nisa ana kurɓar gahawa, ana jiran saurayi ya ɓullo. Idona da ya riga bakina gudu ya hango abin da ke ƙasa: babu saurayi. Junansu suke so. Na san bakin garinmu, na kuma san uban ɗiyar yayata. In maganar ta kai kunnensa, karatunta ya ƙare.

Gwaggo ta ce, "Ke ɗiyar nan, harshen ya maƙale ne? Ina namijin?"

Na ce, "Ga shi nan tafe, Gwaggo."

Allah ya yafe mini, nan take na ƙirƙiro shi. To ni namiji ɗaya na sani, maigidana. Sai ga saurayin Kano da sanƙo, yana cire takalmi ya riƙe a hannu in zai tsallake ruwan gona, ba ya cin kisra, wainar dawarmu mai faɗi, sai da miyar busasshiyar kuɓewa. Mata suka mutu a kansa. Kullum da hantsi tun kafin in taɓa turmi sun cika tsakar gida. Wata ta ce mazan Nijeriya sun iya so. Gwaggo ta dube ni ta wutsiyar ido, ta ce ita kam kamar ta taɓa goya wannan mutumin.

Littafin na gaskiya ni kaɗai na ƙarasa shi a madafa. Na san abin da addinina ya ce, kuma ina nan a kansa. Amma inda uwar budurwar littafin ta rufe mata ƙofa, na yi kuka har tuwona ya kama. Da ɗiyar yayata ta zo hutu na ja ta gefe, na tambaye ta don me ta zaɓe ni. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, ke kaɗai na san za ki kai ƙarshe ba ki tsine musu ba." Ban ƙara tambayar komai ba. Na zuba mata abinci, na ce ta ci. Yau ma'aikaciyar jinya ce a Damazin.

Tun lokacin ba na yabon littafi gaban mutane sai na ga shafinsa na ƙarshe, ba na kuma barin bakina ya zama sanadin rufe wa ɗan wani ƙofa. Na koyi cewa rufin asiri ma yana da tsada. Ana cikin makon karatun ne autata ta same ni ina wanke kofunan jabana, ta ce, "Inna, na gaya wa Baba yana cikin littafi, har wata 'yar Kano na son shi. Ya ce gobe ba zai je gona ba, zai zo ya ji."