Ramatu da Kayan Sallar Kyanwar Birni

Ramatu yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, don haka duk abin da zan faɗa a kanta ina da bakin faɗa. A Sifawa aka haife mu. Ni aure ya kawo ni Bodinga, ita ya kai ta Dandin Mahe gidan Malam Garba manomin albasa, kuma can take har yau, ko da yake Malam ya daɗe da rasuwa. Duk garin in ka ce Ramatu mai ƙuli, ko yaro zai nuna maka ƙofar. Tun tana amarya take suyar gyaɗa da matsar mai, har yatsunta suka karkace, zobe ba ya shiga ko ɗaya. Ba ta da faɗa, ba ta da surutu, amma in ta sa abu a ranta, gara ka roƙi jaki ya tsallake kwata. Da man nan da ƙulin nan ta yi wa ɗanta karatu. Ta haihu da yawa, shi kaɗai Allah ya bar mata.

Zayyanu ke nan. Ɗan fari ne, shi ya sa bakinta bai taɓa furta sunansa ba, sai dai "yaron nan", alhali yaron nan furfura ta fara taɓa shi. Yana aiki a Abuja, da matarsa Jamila da 'ya'ya biyu, Faruk da ƙanwarsa Nana Aisha. Ba zan yi masa sharri ba, yana aike. Sai dai ba aike yayata take so ba. Abin da take so ƙarami ne, har in na faɗa mutane dariya suke yi: jikokinta su kwana a gidanta, ko sau ɗaya ne. Tun da aka haife su ba su taɓa ba. In sun zo Sallah, a Sakkwato suke sauka gidan iyayen Jamila, su iso Dandin Mahe bayan an sauko Idi, su ci tuwo sama-sama, kafin la'asar an tada mota. Ita kuma ta tsaya a bakin zaure tana ɗaga hannu har su ɓace, ta dawo ta rasa inda za ta kai sauran miyar.

Da azumin bara ya shigo, ta yi ƙarfin hali ta roƙe shi a waya. Ya ce mata, "To Inna, in yaran sun so, sai mu kwana." Ni da na ji, na san maganar sallama ce, irin wadda ake yi don a kashe waya. Ita kuwa ta riƙe ta kamar alkawarin da aka yi a gaban liman. Ta sa aka yi wa ɗakin Malam sabon yaɓe, ta sayi katifa da gidan sauro. Sannan ta zauna ta yi tunaninta ita kaɗai, ta yanke cewa hanyar zuciyar yaro kayan Sallah ce. In ta ba su abin da ya burge su, su da kansu za su ce ba za su tafi ba. Sai ta kira ni.

"Lami, ki taho ranar kasuwar Shagari. Ke ad da ido, kin san abin da ɗiyan zamanin ga ka so."

Na je. Da na san wahalar da zan sha, da na ce ƙafata na ciwo. Rana kamar ta narkar da mutum, ga azumi, ga cunkoso, ga yayata da ba ta ɗaukar abu sai ta ajiye shi. Muka fara da rumfar takalma. Mai rumfar ya tambayi lambar ƙafar yaran, ta buɗe tafin hannunta ta ce kamar haka, ta sake tunani ta ƙara ɗan yatsa. Ya ce shi ba ya sayar da takalmi da "kamar haka". Ta kira Zayyanu, bai ɗauka ba. Ta ce in kira Jamila, na ce ni ba zan kira surukar da sai an gaishe ta ba. Muka bar takalmi. Yadi ma haka, tela zai nemi awo, mu kuwa rabonmu da ganin yaran tun waccan Sallar.

A wajen masu kayan wasa ne na fara ƙulewa sosai. Ta ɗauki bindigar ruwa, ta ce wannan ta Faruk ce. Na ce mata yaron da ke da wayarsa ta kansa ba zai kalli wannan ba. Ta ajiye, ta ɗauki tabarau na roba mai jan baki, ta sa a idonta, ta cire. Ta ɗauki mota, ta ɗauki usur, ta koma kan bindigar. Mai kayan ya gaji ya juya ga wasu. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, ina ganin yaran ƙauye suna tsaye suna haɗiyar yawu a kan abubuwan nan da muke rainawa, waɗanda ko balo ɗaya ka ba su sai sun bi ka da godiya har gida. Mu kuma muna nan muna wahalar da kanmu don waɗanda ba su rasa komai ba. Daga ƙarshe dai Faruk ya samu hula da agogo da ƙwallo. Nana Aisha ta samu awarwaro da 'yan kunne da 'yar tsana mai gashin zare. Jamila kuwa, yayata ta ce ba atamfar da za ta saya a Shagari ta ɗaura, don haka za ta haɗa mata daddawa da kuka da man gyaɗa na hannunta.

Na ɗauka mun gama, har na fara neman mota. Sai ta riƙe mini mayafi.

"Saura Minti."

"Wace ce kuma Minti?"

"Mussarsu."

Kyanwa ke nan. Ashe yaran suna da kyanwa, da sunanta, da kejinta, har mota take shiga ta yi tafiya. Nana Aisha ce ta karɓi waya rannan ta ce, "Kaka, Minti ma a yi mata kayan Sallah." Wannan ce kaɗai maganar da yarinyar ta taɓa roƙon kakarta, shi ya sa ta zauna mata daram.

Na ce, "Yaya, da girmanki, da azumi bakinki, ki yi yawon kasuwa don mussa? In anka ji Dandin Mahe, mi za a ce?"

Ta ce, "A ce abin da za a ce. In yarinyag ga ta ga na tuna da abin da taka so, ta saki jiki da ni."

Kifi busasshe na ce ta saya mu wuce, ta ce kifi ba kayan Sallah ba ne, kayan Sallah abin sawa ne. Haka ta ja ni har rumfar dukawa, wajen wani dattijo Attahiru da ke ɗinka kube da layu. Ta ce ya yi mata abin wuya na kyanwa. Ya dube ta, ya dube ni, ni kuma na kau da kai. Ya tambayi kaurin wuyan, ta miƙa masa tsintsiyar hannunta. Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa, sai dai gemunsa ya ɗan motsa. Ya yanka jar fata mai laushi, ya yi mata ado da kore, ya rataya 'yar ƙararrawa irin wadda ake sa wa ɗan akuya. Gaskiya ya yi kyau. Duk cikin kayan da muka saya, shi kaɗai ta ƙulle a bakin zanenta.

Ranar Sallah na yi sammako na tafi Dandin Mahe don in taya ta girki. Suka iso da hantsi. Yayata ta rasa inda za ta sa kanta, tana kiran Faruk maigidanta, shi kuwa yana ɓuya bayan ubansa. Da aka zauna ta fito da kaya. Hular ta yi wa Faruk kaɗan, ta tsaya a tsakiyar kai. Ya yi godiya da Turanci, ya ajiye agogon kusa da shi bai ɗaura ba. Awarwaron Nana Aisha suka zube ta hannu don sun yi mata yawa, 'yan kunnen kuma Jamila ta karɓe, ta ce cikin ladabi irin wannan ƙarfen yana sa mata ƙaiƙayi. Ina kallon fuskar yayata tana murmushi, murmushin da na san ba na daɗi ba ne. Abin wuyan dai ba ta fito da shi ba.

Minti tana cikin kejin roba a inuwar ɗaki, fara sol, gashi buzu-buzu, fuska a baje kamar an zauna mata. Bayan an ci abinci, Zayyanu ya kwashi matarsa da yaran suka tafi gaida ƙannen Malam a cikin gari. Ni ina bakin murhu ina kwashe tuwon rabo. Abin da yayata ta shirya a ranta shi ne yarinyar ta dawo ta tarar da kyanwarta cikin ado. Kuma a wajenta buɗe kejin ba wani abu ba ne. Duk kyanwar da ta sani a duniya yawonta take yi, ta hau katanga, ta shiga rumbu, in ta ji yunwa ta dawo. Har tausayinta take ji, wai an kulle baiwar Allah ranar Sallah.

Ta buɗe, ta ɗaura mata abin wuyan, kyanwar ba ta yi gardama ba. Sai da ta girgiza kai ta ji ƙara a ƙarƙashin haɓarta, sannan ta haukace. Ni dai ƙarar ƙararrawa na ji ta wuce ta bayana, na waiwaya na ga farin abu ya haye katanga. Garin gyaran gira an rasa ido.

Ba na son tuna yammacin nan. Nana Aisha ta dawo ta ga keji a buɗe, ta faɗi tana birgima a cikin kayan Sallarta. Unguwa ta fito nema. Za a ji ƙararrawar a bayan rumbunan wani gida, a ruga, sai a ji ta a wani wajen. Kyanwar da ba ta taɓa ganin akuya ba, ga kiɗan Sallah, ga yara suna bin ta da gudu, ina za ta tsaya. Jamila ta ɗaga ta tana karkaɗe mata ƙura. Zayyanu kuwa a tsakar gida, a gaban mutane, ya dubi uwarsa ya ce, "Inna, wa ya ce ki buɗe?" Matar da ta karkatar da yatsunta don ya zama mutum. Na buɗe baki zan wanke shi tas, yayata ta taka mini ƙafa.

Har aka kira magariba ba a kama ta ba. Yarinyar ta ce ba inda za ta je ba Minti, ta riƙe ƙyauren zaure da hannu biyu. Uban ya yi lallashi, ya yi tsawa, a banza. Dole aka shigo da jakunkunansu daga mota. Haka jikokin Ramatu suka kwana a gidanta, a ɗakin da ta yi wa yaɓe, a kan katifar da ta saya. Ba wanda ya ci abincin dare, ba wanda ya yi mata sai da safe.

Da gari ya waye wani maƙwabci ya tsinci kyanwar a cikin rudun albasarsa, wato rumfar karan da ake ajiye albasa, ta yi baƙi ƙirin, tana wari. Ya kawo ta cikin buhu. Jamila ta kwance abin wuyan ta ajiye a kan tabarma. Yayata ta ce su dakata kunu ya kusa, Zayyanu ya ce suna da nisa. A bakin mota ya rage murya ya ce mata Sallah mai zuwa zai aiko a ɗauke ta, ta yi a can wajensu, ya fi sauƙi ga kowa. Na gane abin da yake nufi, ita ma ta gane. Faruk ya ɗaga mata hannu. Nana Aisha ta rungume kejin, ta juya fuskarta ɗaya gefen.

Da muka koma ciki na sauke duk abin da ke cikina. Na zagi kyanwa, na zagi Abuja, na zagi ranar da na bi ta kasuwa, ita ma ban ƙyale ta ba. Ta bar ni sai da na gaji don kaina.

Sannan ta ce, "Bari, Lami. Kwana nir roƙa, kuma sun kwana. Bakin ƙohwa niz zamna ina jin lumhwashinsu. Na namijin lahiya lau. Na yarinyar duk ajiyar zuciya na, don da kuka barci yaɗ ɗauke ta. Kuma ni nis sa ta."

Ta miƙe da ƙyar ta sauke kunun, ta ce in leƙa in kira yaran maƙwabta su zo da kofunansu, kada ya lalace.