Keken Baba Ila

Jama'a, yau na ga mamaci ya ci sabon keke!

Kun san taron da muka yi a Gumel don karrama tsofaffin da suka yi fataucin Maigatari a kan keke tun ba kwalta. An sayar da tikiti don taimakon marayu, wanda ƙuri'a ta faɗo a kansa zai tafi da sabon keke.

Baba Ila, babbansu, ya jingine tsohon kekensa a jikin bishiyar maina, aka ba shi kujerar gaba. Ina gefensa. Ya ce, "Ɗana, in na gyangyaɗa kar ka tashe ni."

Ya sunkuyar da kai. Wa ya isa ya tashi dattijo? Muka ƙyale shi.

Aka zaro takarda. Mai sanarwa ya ce, "Baba Ila!" Wuri ya kaure da tafi. Bai motsa ba. Na taɓa hannunsa. Sanyi ƙalau! Innalillahi!

Ko rufe shi ba a yi ba, wani ya ce a sake ƙuri'a, wai ya rasu kafin a zaro. Ɗansa na cikinsa ya ce ƙarya ne, keke ya shiga gado. Liman ya juyo wajena: "Kai ne kusa da shi. Yaushe ya cika?"

Wallahi ban sani ba. Hankalina yana can wajen ɗaukar hoto.

Yanzu muka dawo daga maƙabarta. Sabon keken yana gidan liman, ana ta rigima a kansa. Tsohon keken yana nan jikin maina, ba wanda ya tambaya.