Kunnen Ɗana na Fari

Ɗana na fari aikin jirgin sama ya yi. Ba tuƙi ba, kada in yi muku ƙarya. Shi ke raba wa fasinja shayi tsakanin Kano da Ikko, tun Turawa ba su tafi ba. Duk Fagge babu mai farin kaya irin nasa. In ya fito, har teloli sukan tsayar da keke su bi shi da kallo.

Sunansa kam ba za ku ji a bakina ba. A gidanmu uwa ba ta kiran ɗan fari, ba ta yi masa magana sai ta bakin wani. Haka muka taso.

Wata damina mura ta kama shi. Na kai man gyaɗa Sabon Gari wurin wata 'yar Ibo da mijinta ke aikin asibiti, na yi mata zancen. Ta ajiye kwalba ta ce, "Mama, mai toshewar hanci ba ya hawa jirgi. In za a sauka iska ke matse kunne, in ta rasa hanya sai ta fasa shi."

Na dawo na gaya wa goggonsa, wadda ta goya shi. Ita kuwa komai wasa ne. Da safe ta tare shi a tsakar gida.

"Kai Bature, an ce ka zauna, kada ka zuba wa mutane majina a shayi."

"Goggo, in na zauna wa zai kawo miki turaren Ikko?"

Suka yi dariya. Ina ɗaki ina ji, labule kaɗai ne tsakaninmu. Ban ɗaga ba. Uwata ma da ba ta ɗaga ba.

Ya dawo da auduga a kunne, jini a wuyan riga. Wai da jirgi ya sunkuyo ji ya yi kamar ana buga masa ƙusa. Tsoron kora ya sa ya koma bai warke ba. Kunnen hagu ya fara ruwa, na dama ya biyo. Man shanu, rubutu, allura, babu wanda ba a gwada ba. Ranar da fasinja ya yi ta kira bai juyo ba, suka karɓe fararen kayan.

Dakon dilar atamfa ya koma yi a kasuwa, ana yi masa magana da hannu. Ni wadda mata ke cika ɗakina don su ji labarai daga bakina, shi ko labari ɗaya bai taɓa ji daga gare ni ba. Goggonsa ta rasu, ban sake samun wanda zan aika ba. In na zuba tuwo sai in tura kwanon da ƙafa har ya taɓa gwiwarsa.