Yarinya Ɗaya a Takardu Biyu

A Guangzhou miji da mata kowa takardar harajinsa daban. Ni ina aikin tafinta a wani kamfani a unguwar Tianhe, albashina tun kafin ya iso hannuna an cire na gwamnati. Maigidana kuwa ɗan kamfaninsa gare shi, yana sayen takalma a kasuwar Zhanxi Lu yana tura wa 'yan Kano.

Da lokacin cike takardun shekara ya zo, na cike tawa a waya, na sa karatun 'yarmu a ciki, don ana yi wa iyaye rangwame a kansa. Bayan kwanaki sai ga saƙo: an riga an nemi rangwamen a kan yarinyar nan, sai ɗayanmu ya janye.

Ina cikin jirgin ƙasa na kira shi. Ya ce akantarsa ce ta sa a tasa takardar, zai yi mata magana. Kwana huɗu yana ce mini gobe. Ni kuwa zama ya gagare ni. In buɗe wayar a ofis, in rufe, in sake buɗewa. An kusa sabunta mana takardar zama a ƙasar, ban kuma san ko wannan zai shafe ta ba. Har miya na ƙona a makon.

Ran Juma'a na ce ƙafata ƙafarsa har ofishin akantar. Akantar wata dattijuwa ce 'yar ƙasar. Ta juyo masa da kwamfuta ta shiga bayani da yarensu, ba ta san ina ji ba. Ta ce rangwamen ba zai amfane shi da komai ba, tunda wata biyar bai biya kansa albashi ba, gara ya bar wa matarsa.

Sai da muka sauko titi na yi magana.

"Alhaji, wata biyar?"

"Ban so hankalinki ya tashi ba ne."

Muna tafe cikin masu tura buhunan kaya ya faɗa mini sauran: kwantena biyu sun daɗe a tashar jirgin ruwa, manyan masu sayen kayansa sun koma wani wuri. Ina saurare ina tuno cefanen da bai taɓa fashi ba.

A wani shagon taliya na Musulmi ya ciro wayarsa ya janye neman rangwamen. Na sake aika tawa, ta wuce. Taliyar ta huce a gabanmu, ina ta jero masa tambayoyi, yana amsa wasu.